Silin placo a falo mai mita 6 da 4: kaya nawa zai ci, kuma me ke sa shi tsagewa?

Mai gyaran gida, Banifandu

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar masu sana'a kafin in saki kuɗi. Gidan yana Banifandu, nan Yamai, rufin kwano ne a kan ƙarafa. Falon mita 6 ne da 4, silinsa na siririn katako ne, gara ta ci gefe guda, sauran kuma duk tabon ruwa. Ina so a sauke shi a sa placo. Na biyu, akwai babban ɗaki da nake son a raba biyu, faɗinsa mita 4, tsayin bango mita 3, da ƙofa ɗaya. Na uku, ɗakin kwana an riga an yi masa placo, amma ya tsage a wuri biyu, tsagar a miƙe kamar an ja ta da rula, kuma a kusurwa ɗaya ya yi rawaya har ya ɗan yi ciki.

Ma'aikata biyu sun zo sun auna. Kuɗin da ɗaya ya faɗa ya kusa ninka na ɗayan, kuma kowannensu "placo" kawai ya rubuta a takarda. Ina bambancin yake? Kaya nawa aikin zai ci? Na ɗakin kwanan kuma gyara ne, ko sai an sauke duka? Allah ya saka da alheri.

Mai aikin placo, Yantala

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a yi maganar falle ko guda, a sa yaro ya hau saman kwanon. Tabon da ke jikin tsohon silin shaida ce cewa rufin yana yoyo, shi kuwa placo garin dutsen jips ne aka matse tsakanin kwali biyu, ba ya shiri da ruwa sam. A duba ƙusoshin kwanon da robobinsu, a duba inda kwano ya hau kwano, da inda ya haɗu da bangon da ya zagaye rufin, da indararo. Bayan an sauke tsohon silin, wani ya watsa ruwa da tiyo daga sama, wani yana ciki yana kallo. Sai an ga ba ɗigo ko ɗaya sannan a ci gaba.

Abu na biyu shi ne nauyi. Fallen da aka fi aiki da shi shi ne BA13: kauri milimita 12,5, faɗi mita 1,20, tsawo mita 2,50, wato murabba'in mita 3. Kowane murabba'in mita yana kai kilo 9 ko sama da haka kaɗan. Falonka murabba'in mita 24 ne, ka ga za a rataya wa rufin fiye da kilo 200 na falle kaɗai, ban da ƙarfe. Siririn katakon da za a cire bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Idan ƙarafan rufin sun yi tsatsa ko sun yi nisa da juna, sai mai walda ya ƙara wasu tukuna. Kada a yarda a rataya komai a jikin kwanon kansa, ko a tsohon katakon da gara ta taɓa.

Bambancin kuɗin da ka gani kuwa, yawanci a ƙarfe yake, domin shi ne ba a gani da zarar an rufe. Ga yadda ake yin sa daidai.

Da farko a ɗauki lebur a kusurwa huɗu da tiyon ruwa ko da lesa, a buga layi a bango da zare mai shuni. A bi layin a kafa ƙarfen kwana, wanda muke ce wa korniyar, a ɗaure shi kowane santimita 60. Zagayen falonka mita 20 ne, sanda 7 ke nan masu mita 3, da ƙusar bango kamar 35.

Sai ƙarfen da fallen zai kwanta a ƙarƙashinsa, wato furur, F47 ko F530 gwargwadon kamfani. Ka'ida ta yarda a ba shi tazarar santimita 60 idan fallen ya gitta ƙarfen. Ni shawarata 50, kuma da dalili: fallen mita 2,50 ne, idan tazarar 50 ce bakinsa zai faɗo cif a kan ƙarfe na biyar. Idan 60 ce, bakin zai tsaya a iska tsakanin ƙarfe biyu, sai dai a yanke santimita 10 daga kowane falle, kuma mai gaggawa ba ya yankewa. Yawancin tsagar da kuke gani a miƙe daga nan take farawa. Ga kuma zafinmu da laimar watan Agusta, tazara kaɗan ta fi hana fallen yin ciki.

A ja furur ta dogon gefe, wato mita 6, layi 7, mita 42, sanda 14. Ana haɗa sanda da sanda da ɗan ƙarfen haɗi, eklis. Kada mahaɗar ta zo a layi ɗaya duka: layi na farko 3 da 3, na biyu 1,50 da 3 da 1,50, haka har ƙarshe, eklis 10 ke nan. Marataya, wato suspant, iyakarta mita 1,20 tsakanin ɗaya da ɗaya. A sa biyar a kowane layi, 35. Idan nisan rufi da silin ya yi yawa, a yi aiki da sandar ƙarfe mai zare da noti, wadda ake iya hawar da ita ko saukar da ita har lebur ya zauna. Wayar ɗaurin rodi ba marataya ba ce. Tana miƙewa, tana tsatsa, kuma idan iskar hadari ta shiga ƙarƙashin kwano ba ta hana silin yin sama da ƙasa.

Falle kuma a lissafi 8 ne, amma a aiki 9. Layi biyar ne masu faɗin 1,20, kowane layi mita 4. Na farko 2,50 da 1,50, na biyu 1,50 da 2,50, na uku a yi amfani da ragowar biyun farko, 1 da 2 da 1, sai na huɗu da na biyar a maimaita na farko da na biyu. Da haka babu mahaɗar da ta yi daidai da ta maƙwabciyarta.

Sukuru, wanda a shago za ka ji ana ce wa bis, baƙi ne mai tsawon milimita 25, TTPC 25. Kowane santimita 30, kuma a bar aƙalla santimita 1 daga bakin falle don kada ya farfashe. Kan sukurun ya ɗan nutse kaɗan ba tare da ya huda kwalin ba, domin kwalin ne ke riƙe nauyi. Wanda ya huda ya tashi aiki, a bar shi a ɗaura wani kusa da shi. Falon zai ci kusan 300.

Bangon raba ɗaki kuma, abin da ake kira 72/48 ne, wato bango mai kaurin milimita 72: rel, ƙarfen kwance, a ƙasa da sama, ƙarfen tsaye na milimita 48 a ciki, falle ɗaya kowane gefe. Ka lura da wannan da kyau, Alhaji: ƙarfen tsaye guda ɗaya a tazarar 60 iyakarsa wajen mita 2,50. Naka mita 3 ne, saboda haka a goya su biyu-biyu, baya da baya, a ɗaure su da juna, ko a koma na milimita 70. Rel sanda 3, ƙarfen tsaye kamar 16 har da na gefen ƙofa, falle 9 na mita 2,50, ko 7 idan an sami na mita 3, wanda ya fi domin babu mahaɗar kwance. A rage wa ƙarfen tsaye santimita 1 daga tsayin ɗakin. A ɗaga fallen santimita 1 daga ƙasa don ruwan goge-goge kada ya hau shi. A cusa katako mai magani a cikin ƙarafan gefen ƙofa, kuma kada mahaɗar falle ta faɗo a kan kusurwar ƙofar, a yanka fallen ya zagaye ta kamar harafin L. In ba haka ba, bugun ƙofa na wata biyu ya isa ya tsaga wurin.

Mai shagon kayan gini, Katako

Malam na Yantala ya gama magana a kan yawan kaya. Bari in ƙara ta ɓangaren saye, domin a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

Ƙarfen kirki kaurinsa milimita 0,6 ne, galba, wato wanda aka rufe da sinadarin hana tsatsa, kuma idan ka riƙe sanda ta tsakiya ba ta lanƙwashewa. Akwai na araha da ya fi wannan siranta, ka matsa shi da yatsa biyu ya lotsa. A irinsa sukuru ba ya kamawa, yana ta juyawa a banza. Ido ba ya raba su daga nesa, amma hannu yana rabawa. Ka ce kowane ma'aikaci ya kawo maka guntu ɗaya na ƙarfen da zai sa, ka gwama.

Falle kuma launinsa ke faɗin aikinsa. Fari ko ruwan toka na ɗaki ne da falo. Kore na wurin laima ne, banɗaki da kicin. Mai ruwan hoda na jure wuta ne. Koren ya fi tsada, kuma yana jinkirta shan ruwa ne kawai, ba a ce ya zauna ƙarƙashin rufi mai yoyo ba. Akwai kuma BA10 mai milimita 9,5, wanda wasu ke sakawa a silin a kuɗin BA13. A tazarar 50 ko 60 zai yi ciki. Ka karanta rubutun da ke bayan fallen ko a gefensa, ko ka auna da kanka.

Farashi ba ya zama wuri ɗaya, domin kayan nan daga waje suke zuwa, kuma da aka rufe iyakar Gaya, tsakanin Nijar da Benin, a 2023 hanyar kaya ta ƙara nisa. Abin da zai amfane ka shi ne ka iya lissafin da kanka. Ka ɗauki jerin da aka ba ka a sama ka shiga shago uku, ka tambayi kuɗin kowane abu. Mu ce an faɗa maka falle jika 8 ta sefa, misali kawai: 9 sau 8, jika 72, ka raba da 24, jika 3 ke nan a kowane murabba'in mita na falle zalla. Haka za ka yi wa furur, korniyar, marataya, sukuru, bandi, wato tsirin da ake liƙawa a kan mahaɗar falle, da andui, wato garin da ake kwaɓawa a shafe mahaɗar. Bandin takarda falon zai ci wajen mita 45, ka ɗauki nadi na mita 75, ko na 150 idan za a haɗa da bangon da gyaran ɗakin kwana. Andui na gari ana lissafa kusan gram 350 a murabba'in mita, buhu ɗaya na kilo 25 zai ɗauki ayyukan uku. Idan ka tara, ka cire daga kuɗin da ma'aikaci ya faɗa, abin da ya rage shi ne ladan hannu da ribarsa. Idan kuɗinsa gaba ɗaya bai ma kai kuɗin kayan ba, ka san akwai abin da ya yi niyyar ragewa.

Kuma a rubuta a takarda ko kuɗin ya haɗa da sauke tsohon silin da kwashe shara, da kuɗin mota, da shafe mahaɗa, da fenti. Da yawa suna faɗin kuɗin kafawa kaɗai, sai an gama a ce shafe daban. Adon gefe mai hawa biyu da ake ɓoye fitila a ciki, shi da mitar tsawo ake lissafa shi, ba da murabba'i ba, kuma yana cin ƙarfe da lokaci sosai. Idan kamfani ne mai ba da takardar biya, ka tambaya ko harajin TVA na kashi 19 yana ciki.

Kada ka biya duka a gaba. Ka sayi kaya, ka ba da wani abu a fara, wani idan ƙarfe ya hau ka gani da idonka kafin a rufe, sauran bayan shafe. In an kawo fallen a kwantar da shi a shimfiɗe a cikin ɗaki, a kan katakai masu tazarar santimita 40 zuwa 50. Wanda aka jingina da bango kwana uku ya riga ya gantsare, ba zai miƙe a sama ba.

Mai aikin staf, Tawa

Sallama gare ku. Ban ƙi abin da aka faɗa ba, amma ina ganin ya kamata Alhaji ya ji ɗaya ɓangaren kafin ya yanke.

A ƙarƙashin kwano, staf ma yana aiki, wato garin filasta da ake zubawa a ma'auni da zaren tsiro da ake kira filas a ciki. Ba shi da kwali, don haka gara ba ta da abin ci a jikinsa, kuma idan ruwa kaɗan ya taɓa shi ya bushe, sau da yawa tabo kawai yake bari. Placo kuwa kwalinsa abincin gara ne. Tun da ta riga ta ci silin falon, tana cikin gidan. A bi hanyarta a jikin bango har ƙasa, a karya, a sa magani, a fitar da duk wani tsohon katako daga saman. Idan ba a yi haka ba za ta bi bayan fallen ta cinye kwalin, fenti kawai zai rage yana riƙe da gari. Aibin staf shi ne ya fi nauyi, aikin jiƙe ne mai ɓata gida, yana son kwanaki kafin ya bushe a yi fenti, kuma kyansa ya dogara kacokan da hannun mai yi. Ga gidan da mutane ke ciki, placo ya fi sauri da tsabta, wannan gaskiya ne. Mu nan Tawa akwai ƙarin dalili: falle sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 500 idan daga Yamai aka ɗauko shi, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kuma kusurwoyi suna karyewa a hanya, dole a sayi ƙari. Abin da ke ci mini rai shi ne dutsen jips ɗin nan a ƙasar Adar ake haƙo shi, da shi ake haɗa siminti a Malbaza, amma fallen sai an kawo mana daga wata ƙasa.

Ko wanne aka zaɓa, maganar zafi ba ta wucewa. Jips yana riƙe da ruwa a cikin halittarsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, shi ya sa yake jure gobara. Amma masu ƙera shi sun ce kada ya daɗe a zafin da ya wuce digiri 50, domin a hankali yake rasa ƙarfi. A watan Afrilu da Mayu iskar waje kanta tana haura 40, balle tsakanin kwano da silin inda ba mafita. A buɗe ƙananan tagogin iska a bango sama da layin silin, gefe biyu masu kallon juna, a rufe su da raga mai ƙananan ido saboda jemagu da ɓeraye. Kashin jemage yana taruwa ya yi nauyi, ya yi wari, ya fito da tabo. A shimfiɗa audugar gilashi mai kauri santimita 5 zuwa 10 a bayan fallen. Kuɗi ne ƙari, amma ɗakin zai yi sanyi, na'urar sanyaya ɗaki za ta rage shan wuta, ƙarar ruwan sama a kwano ma za ta ragu. Mai shimfiɗa ta ya sa safar hannu da takunkumi, tana ƙaiƙayi.

Wanda gidansa ke inda ruwa ke shiga da damina, kamar wasu sassan Saga ko Kirkisoye, kada ya yi bangon placo har ƙasa. Ya yi bulo.

Mai aikin lantarki, Lazare

Kaɗan zan ƙara. A gama aikin wuta kafin a rufe, ba bayan ba. Duk waya ta bi cikin tiyonta, kada ta kwanta tsirara a kan furur, bakin ƙarfen nan yana da kaifi kamar reza, kuma inda aka haɗa waya a sa akwati mai murfi. Fanka ba ta rataya a placo ko a furur, ko da an ce ƙarama ce. A yi mata ƙugiya ta rodi a walda a ƙarfen rufi, ta sauko ta huda fallen. Abin da bai wuce kilo 2 ba, kamar ƙaramar fitila, falle zai ɗauka. Daga 2 zuwa 10 a ɗaure a furur. Sama da haka sai rufin kansa. Fitilun da ake nutsarwa su zama LED, kuma a janye audugar gilashi daga kansu kaɗan.

A bangon raba ɗakin, idan za a rataya talabijin ko kan na'urar sanyi, a faɗa tun yanzu a sa faffaɗan katako tsakanin ƙarafan tsaye. Tiyon da ke fitar da ruwan na'urar ya sami gangara, na jan ƙarfen kuma a naɗe shi da soso har ƙarshe, domin gumin da yake yi yana ɗiga a falle mutane su ɗauka rufi ne. A bar ƙofar leƙawa ta santimita 60 da 60 a wata kusurwa. Wanda zai hau kuma ya taka ƙarfen rufi kawai.

Mai aikin placo, Yantala

Maganar gara da tagogin iska daidai ce, Malam na Tawa, na gode da ka kawo ta. Saura ɗakin kwana.

Ba sai an sauke duka ba, Alhaji, in dai ƙarfen yana da kyau. A fara da kusurwar da ta yi ciki. A kashe wuta daga mita tukuna. Idan akwai alamar ruwa ya taru, a sa bokiti a huda tsakiyar wurin ya tsiyaye. Sai a danna da babban yatsa. Idan da tauri kuma kwalin bai saki ba, a gyara rufin, a bar shi ya bushe sarai, a shafa fentin mai a kan tabon kafin fentin ruwa, domin fentin ruwa kaɗai ko sau biyar aka shafa rawayar za ta sake fitowa. Amma tun da ka ce ya yi ciki, wannan ya mutu, falle da ya lanƙwashe ba ya komawa. A yanke shi murabba'i, a wuce inda ya jiƙe da kamar taƙi ɗaya, yankan ya tsaya a tsakiyar furur ta gefe biyu. Ɗaya gefe biyun a sa guntun furur a baya ya riƙe tsoho da sabo. Ta ramin nan za a leƙa a ga tazarar ƙarfe da irin maratayar da aka sa, shi zai gaya maka ko sauran silin ɗin na da sauran kwana. Idan bayan fallen ya yi baƙin fumfuna, a ci gaba da yanka har inda yake fari.

Tsagar da ke miƙe kuwa mahaɗa ce ta buɗe. Ko ba a sa bandi ba sam, ko an sa a kan busasshen andui bai kama ba, ko bakin fallen ba ya kan ƙarfe. Shafa andui a kan tsagar kawai ɓarnar kuɗi ce, kafin hunturu ya wuce za ta dawo. A tura gefen tsagar da hannu. Idan yana motsi, a ƙara sukuru, in babu ƙarfe a wurin a buɗe a sa. Sai a kankare tsohon bandin, a buɗe tsagar da wuƙa ta yi kamar harafin V, a share ƙura da burushi, a ɗan jiƙa da soso. A cike ramin, a bari ya kama. Sannan a shafa andui, a ɗora bandin takarda a kansa tun yana ɗanye, a matse da wuƙar shafe daga tsakiya zuwa gefe har iska ta fita, amma kada a matse anduin ya ƙare a ƙarƙashi. Shafi na biyu ya kai faɗin santimita 20, na uku 30, kowanne sai wanda aka yi kafinsa ya bushe. Bandin raga mai gam ya fi sauƙin sawa, amma a silin na takarda ya fi riƙe tsaga.

Andui iri biyu ne, a san wanda aka saya. Akwai mai kamawa da lokaci, an rubuta awa 1, 2 ko 4 a buhu, akwai mai jiran bushewa, wanda ke son kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi. A zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu, mai kamawa yana iya bushewa kafin ya kama, sai ya zama gari a ƙarƙashin bandi. A yi shafe da sassafe, a kashe fanka, a rufe tagogi, a kwaɓa kaɗan-kaɗan da ruwa mai tsabta wanda bai kwana a rana ba. Garin ake zubawa a ruwa, ba ruwa a gari ba. Wanda ya fara tauri a bokiti a zubar, kada a ƙara masa ruwa.

Ƙaramin rami, irin na hannun ƙofa a bango, a fara yanka facin tukuna, a ɗora shi a kan ramin a zana, a yanke bangon a kan zanen. A zura ɗan katako a baya a ɗaure shi ta gefe biyu, a ɗaura facin a kansa, a fiƙe bakuna, a sa bandi. Kan sukurun da ya ɓullo ta cikin fenti kuma, a ɗaura sabo santimita 3 zuwa 5 daga gare shi, a nutsar da tsohon ko a cire, a shafe sau biyu.

Bayan an goge da samfefa mai laushi, lamba 120 zuwa sama, ba tare da an ci kwalin ba, a shafa fentin farko na placo a ko'ina kafin fentin gaske. Kwali da andui ba sa shan fenti daidai, in an tsallake wannan duk layukan mahaɗa za su fito.

Mai gyaran gida, Banifandu

Allah ya ƙara basira, na fahimta sosai. Na tambayi mai arahar, ya ce tazarar furur ɗinsa santimita 80 ce kuma da waya zai rataya. Tambaya ɗaya ta rage: idan an gama, ta yaya zan gane aikin ya yi kafin in biya sauran kuɗin?

Mai aikin placo, Yantala

Santimita 80 da waya kada ka yarda, Alhaji, ko ya gyara lissafinsa a kan 50 ko ka ba ɗayan. Awo sau biyu za ka yi. Ranar da ƙarfe ya hau, ka sa mita ka auna tazara, ka ƙirga marataya 35 ɗinka, ka ja zare daga bango zuwa bango a ƙarƙashin furur ka ga duk sun taɓa shi daidai. Bayan shafe kuma, kafin fenti, ka sami miƙaƙƙiyar sandar alminiyom ta mita 2 ka manna a silin wurare daban-daban. Ka'idar Faransa ta wannan aiki, DTU 25.41, ta ce ratar da ke tsakanin sandar da fallen kada ta wuce milimita 5. Da dare kuma ka kashe fitila, ka manna tocila a jikin silin haskenta ya bi shi a kwance. Duk tudu, duk kwari, duk kumfar bandi za ta yi inuwa. Ka zagaye su da fensir, ba da biro ba domin tawada tana ratsa fenti, a gyara su sannan ka cika kuɗin.